Zan canza man difrenshal da kaina, me zan kiyaye?

Baban Walid:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da Prado 120, ƙirar 2007, hannu na biyu na saye ta wata takwas da suka wuce, yanzu mitarta tana kan kilomita 212,000. Baƙin mai da filta da kaina nake canzawa tun motata ta farko, amma man difrenshal, wanda wasu ke ce wa man bakaksil, ban taɓa sa masa hannu ba. Da na tambayi wanda ya sayar mini yaushe rabon da a canza shi, cewa ya yi bai ma san akwai mai a wurin ba. To ina so in yi na gaba da na baya a ƙarshen makon nan. Ina da jak da akwatin soket da daɓen siminti a gida. Wane mai zan saya, lita nawa, kuma ina ne mutum yake yin ɓarna in bai sani ba?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Kafin maganar mai da lita, riƙe wannan da kyau: notin sama za ka fara kwancewa. A irin motarka noti biyu ne a jikin kowane tulu, wato gidan ƙarfen difrenshal da man yake zama a ciki, na ƙasa na tsiyayar da tsohon mai, na sama a gefe na zuba sabo. In na sama ya ƙi kwancewa, ka mayar da kayan aiki akwati, ranar babu aiki.

An taɓa kirana gidan wani bawan Allah mai ji da motarsa. Ya kwance na ƙasa, mai ya tsiyaye tas, ya goge noti ya mayar yana ta jin daɗi, sannan ya ɗora sifana a kan na sama. Ashe wani ya riga ya cinye kan notin tun da daɗewa, ya zama sumul, sifana sai zamewa take. Ga mota lafiya lau, inji yana tashi bugu ɗaya, amma ba ta isa ta taka ko ƙofar gida ba, don babu ɗigon mai a bayanta. Kwana uku ta yi a zaune, sai da muka kawo mai walda ya ɗana wani noti a kai sannan ya fita. Da na sama ya fara gwadawa, da motarsa zai tuƙa da kansa ya kawo mana.

Sarkin Gardama:
Ni dai shawarata ka bar kayanka yadda ka gan su. Tana kuka? Tana yoyo? In babu ko ɗaya, me ya kai ka? Hilux ɗina ta haura kilomita 300,000, ba a taɓa buɗe wurin nan ba, kuma har yau ba ta ce uffan ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Injiniya:
Sarkin Gardama, ranar da difrenshal ya fara kuka ai an wuce maganar mai, an shiga maganar boris da haƙora. Man ba ya ƙonewa kamar na inji, shi ya sa yake daɗewa har a manta da shi. Amma yana gajiya.

Malam Baban Walid, bari in faɗi abin da ke cikin tulun don ka san dalilin zaɓen man. Furofela, wato dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga wajen giyabos, tana juya ƙaramin giya da ake kira finiyon, shi kuma yana juya babban giya mai kama da faifai. Finiyon ɗin ba a tsakiyar faifan yake ba, a na baya yana ɗan ƙasa da tsakiya, saboda haka haƙoran ba birgima kaɗai suke yi a kan juna ba, har da goga, ga kuma nauyin mota gaba ɗaya a kan 'yan haƙoran da ke haɗe a lokacin. Baƙin mai na inji ba zai jure wannan matsi ba. Shi ya sa ake sa wa man giya sinadaran farar wuta da fosfaras, in wurin ya yi zafi su shimfiɗa wani siririn rufi a kan ƙarfen, rufin ne ke cinyewa maimakon haƙorin. Warin nan mai tayar da zuciya da za ka ji in ka buɗe, na farar wutar ne. Waɗannan sinadarai su ne ke ƙarewa da tafiya.

Don haka abin da za ka nema a jikin galan shi ne GL-5. Kada a ba ka GL-4, shi an fi yin sa don giyabos na hannu. Maganar kauri, littattafan Toyota na wancan zamani SAE 90 ko 80W-90 suke cewa, na motocin baya-bayan nan kuma 75W-85. Duba littafin motarka, abin da ya ce shi ne magana. Na gaba yana cin kusan lita ɗaya da rabi, na baya tsakanin biyu da rabi zuwa uku. Sayi lita biyar, don sai wani ya zube, wani ya maƙale a tiyo.

Direban Hilux:
Injiniya da girmanka, amma ni 85W-140 nake zubawa gaba da baya. Mai kauri shi ne mai. Wannan 75W-85 ɗin da kake faɗa na taɓa gani, kamar ruwa yake, ina zai riƙe ƙarfe in hanya ta yi zafi?

Injiniya:
Ɗan'uwa, lambar man giya da ta baƙin mai ba ma'auni ɗaya ba ne, kada 90 ko 140 su ruɗe ka. Man giya mai lamba 90 kaurinsa kusan na baƙin mai 40 zuwa 50 ne. Kuma lambar farko mai W tana maganar yadda man yake gudana cikin sanyi ne, ta biyun ce ke maganar lokacin da ya yi zafi. Abin da ka gani a galan a inuwa ba shi ne halinsa a cikin tulu ba.

Ban ce 140 haramun ne ba. Motar da kullum take jan tirela ko take ɗauke da kaya har wuya a wuri mai tsananin zafi, akwai kamfanonin da su da kansu suke cewa a sa 75W-140 a baya. Amma difrenshal ba shi da famfo. Babban giyan nan ne yake ɗebo mai daga ƙasa yana watsa shi sama, ya bi wata 'yar hanya ya isa boris ɗin finiyon. In man ya yi kauri da yawa, da sanyin safiya sai ya yi jinkirin isa can, kuma juya shi kansa yana ƙara zafi da shan fetur. A gaba kam ban ga dalilin 140 ba sam.

Direban Hilux:
To ni kullum a cike take da kaya. Na baya zan bar shi a 140. Na gaba zan duba littafi.

Hajiya Mai Cherokee:
Baba Tsohon Bakanike ya yi gaskiya, amma don masu karantawa da ba Toyota gare su ba, ba kowace mota ke da notin ƙasa ba. Tawa tsohuwar Jeep Cherokee ce, gaba da baya noti ɗaya ne kawai, na zubawa. In za ka fitar da tsohon mai sai ka cire murfin gaba ɗaya. Ranar da na fara yi, na kwance duk ƙusoshin murfin na ajiye a gefe, na sa sukundireba na ɓamɓare shi. Murfi ya faɗo, mai ya biyo shi, rabi a roba rabi a hannun rigata har gwiwar hannu. Rigar nan wanki uku na yi mata, daga baya na haƙura ta zama tsumma.

Yadda ake yi, ka sassauta na sama guda ɗaya ko biyu ka bar su a jiki, ka cire sauran, sai ka ɗan buɗe murfin daga ƙasa man ya sauka a hankali. Bayan nan ka kankare tsohon gam tas daga murfin da bakin tulun, ka rufe giyan da tsumma mai tsabta don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki, ka shafa sabon gam siriri ba tare da yankewa ba, ka zagaye kowane rami. Kuma ka karanta jikin bututun gam ɗin ka ga tsawon lokacin da ya ce a jira kafin a zuba mai. Amfanin wahalar shi ne kana ganin haƙoran da idonka.

Baban Walid:
Na gode Hajiya, na gode Baba. Na leƙa ƙarƙashinta ɗazu da fitila, na baya noti biyu ne manya. Na gaba ban gan shi ba, wani farantin ƙarfe ya rufe.

Tsohon Bakanike:
Sai ka sauke farantin, ƙusoshi kaɗan ne. Na baya soket 24 ne. Ka nemi mai kusurwa shida, kada ka sa mai goma sha biyu, don kan notin gajere ne, da ya zame sau ɗaya ya fara cinyewa. Ka danna soket ɗin da tafin hannu ɗaya, ka ja da ɗayan. Na gaba alanki 10 ne, kuma na ƙasansa shi ne mai taurin kai a motocin nan. Ramin alankin yakan cika da laka. Ka sa ƙusa ko waya ka ƙwaƙule shi har ka ga ƙarfe, ka sa alankin ka buga masa guduma ya zauna har gindi. Wanda ya sa shi rabi ya ja, ya gama da notin.

Sannan in kana kwance a ƙasa kana kallon noti ta baya, hagu da dama suna rikicewa. Na ga manya suna ɗaure abin da suke son kwancewa. Saita racet ɗinka a kan wani noti a waje tukuna ka tabbatar da inda yake juyawa.

Sayi sababbin washa guda huɗu tun yau. Irin waɗanda ake matsewa sau ɗaya ne, tsohuwa in ka mayar za ta riƙa tsatsafo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Daji:
Kada kuma ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, don Allah. Prado tana da tsayi, in ba ka da ƙiba sosai za ka shige tana kan tayoyinta, kuma hakan ya fi, don dole ta tsaya daidai ba karkace ba. In ka ɗaga baya kawai ka zuba mai, awon zai yi maka ƙarya. In dole sai ka ɗaga, ɗaga duka huɗu a kan ƙafafun ƙarfe. Ja birkin hannu, sa waigi a taya.

Sarkin Gardama:
To tunda an nace sai an buɗe, a yi shi da kyau mana. In tsohon ya fita, ka mayar da noti ka zuba kalanzir ko gas, ka ɗan zaga da ita, ka zubar. Haka za ta wanku fes.

Tsohon Bakanike:
A'a. Ɗazu kai ne mai cewa kada a taɓa, yanzu kai ne mai cewa a tuƙa ta da kalanzir? Yaro, haƙoran nan da Injiniya ya yi bayani ko minti biyar ba sa so su yi aiki da nauyi babu man ƙwarai. Kuma kalanzir ba ya fita duka, yana kwanciya a cikin hannayen aksil, ya dawo ya tsinka sabon manka. In ana son wanki, da man giya ake yi: a zuba mai araha na GL-5, a yi 'yar tafiya, a zubar, a sa na kirki.

Sarkin Gardama:
Baba ai mun ga ana yi.

Tsohon Bakanike:
Ni ma na ga ana yi. Ni ake kawo wa daga baya.

Injiniya:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma ya shafi Prado 120. Wasunsu difrenshal ɗin baya LSD ne, wato mai faifan kuloci a ciki da ke hana taya ɗaya ta yi ta juyawa ita kaɗai a cikin laka. Irin wannan yana son mai na musamman da aka rubuta LS ko LSD a jikinsa, ko kuma a ƙara masa ɗan ƙaramin kwalban sinadarin da ke sa faifan su zame a hankali. In ka zuba masa GL-5 zalla, za ka ji baya yana gurnani yana karkarwa in kana shan kwana a hankali, kamar lokacin fakin. Mutane da yawa sun ɗauka difrenshal ya mutu, alhali mai ne bai dace ba.

Goge jikin tulun kusa da notin sama, Toyota takan manna 'yar takarda mai cewa man LSD kawai. In takardar ta ɓace, ɗaga tayoyin baya biyu ka juya ɗaya da hannu. In ta juya cikin sauƙi ɗayar kuma ta juya ta kishiyar hanya, na gama-gari ne. In ta yi tauri ko su biyun suka tafi hanya ɗaya, LSD ne. In kana shakka, sa mai LS ɗin, ba ya cutar da na gama-gari.

Baban Walid:
Na goge, babu takarda. Na ɗaga na juya, ɗayar baya take yi, kuma da yatsa biyu ma tana juyawa. Kenan na gama-gari ne. Tambaya ta ƙarshe kafin in je sayayya: ta yaya man zai hau? Na ga babu wurin da zan ɗaga galan sama da ramin. Kuma tiransfa fa, akwatin giyan nan da ke raba ƙarfi zuwa gaba da baya, in haɗa da ita?

Hajiya Mai Cherokee:
Akwai ɗan famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin galan, da tiyo. Shi za ka saya. Wasu suna amfani da babban sirinji na mai. Ka ajiye galan ɗin a rana ko cikin ruwan ɗumi kafin ka fara, in ba haka ba hannunka zai gaya maka. Tiransfa kuma ka yi hattara, kada ka ce man da ya rage zan juye mata. Tawa ATF take sha, man giyabos na otomatik, ja siriri. Wasu motocin man giya ne. Kowace da nata.

Injiniya:
Haka ne. In littafinka yana hannu ka duba, in ka ga ka gaji ka bar ta wani makon. Ga ɗauri, in kana da sifana mai awo: na baya duka biyun 49 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri kenan), na gaba na sama 39, na ƙasa 65. In ba ka da ita, ka ɗaure har ka ji washa ta kwanta, ka ɗan ƙara kaɗan, ka tsaya. Kada ka sa bututu a hannun sifana wajen ɗaurewa. Masu yin haka su ne suke bar wa na bayansu irin notin da Baba ya ba da labari.

Zubawa kuma har sai man ya fara dawowa ta bakin ramin. Ka bar shi ya gama ɗiga, sannan ka rufe. Kada ka yi dabarar cusa ƙari ka toshe da sauri. Mai in ya yi yawa kumfa yake yi, ya nemi hanya ta sil, wato robar da ke tare mai, in ya bi ta ƙarshen aksil ya sauka a kan birki.

Baban Walid:
Jama'a na dawo da rahoto, kuma akwai magana.

Na zaga da ita kamar minti goma sha biyar don man ya yi ɗumi, na faka a daɓe, na fara da baya. Notin sama ya ɗan yi gardama, na danna kamar yadda Baba ya ce, sai ya yi ƙara ɗaya ya saki. Da na zare shi sai na ji iska ta yi "fusss" kamar an huda taya, mai kuma ya biyo ramin yana zuba tun ban taɓa na ƙasa ba. Na zaci baƙi zan gani ko ruwan ƙasa. Abin da ya fito fari-fari ne mai launin toka, kamar an dama laka, ga kauri. Da na buɗe na ƙasa, abin da ya fara fitowa ruwa ne sak, kamar cokali biyu ko uku, sannan wannan damammen ya biyo. A kan notin ƙasa akwai mayen ƙarfe, ya tara wani baƙin abu kamar gashi a tsaye. Na murza shi a yatsa, laushi ne kamar toka mai maiƙo, ban ji wani abu mai kaifi ba. Na bar shi ya tsiyaye kusan awa ɗaya, na zuba sabo 80W-90, ya ci lita biyu da rabi da ɗan ɗori.

Na gaba kuma, na sama ya kwance, man da na taɓo da yatsa baƙi-baƙi ne amma mai ne, ba irin na baya ba. Na ƙasa ya ƙi. Na ƙwaƙule, na buga, na ja, sai na ji alankin ya fara juyawa a cikin ramin kaɗan. Nan na tsaya. Na ƙara masa mai har baki na rufe.

Hankalina bai kwanta da na bayan ba. Na kashe difrenshal ne?

Ɗan Daji:
Ruwa ne ya shiga, kuma iskar da ka ji ita ta tona asirin. A saman aksil akwai wani ɗan ƙaramin hanci mai hula, ta nan tulun yake numfashi, don iskar ciki tana kumbura in ya yi zafi, ta koma in ya huce. Ka yi tafiya mai nisa ƙarfe ya yi zafi, sai ka faɗa cikin ruwa mai sanyi har ya rufe aksil. Nan take iskar ciki ta tsuke, tulun ya zuƙo duk abin da ke kusa. In hancin a buɗe yake cikin ruwa, ta nan. In ya toshe da laka, ta sil ɗin taya ko na finiyon. Naka a toshe yake, shi ya sa iska ta taru. Man da ya zubo ta sama kuma, ruwan ne ya ƙara masa yawa.

Hau ka same shi, ka juya hular da yatsa. Ya kamata ta yi motsi sakwa-sakwa. In ta ƙame, kwance shi ka wanke ko ka sa sabo, ƙaramin abu ne. Mu masu shiga ruwa cire shi muke yi mu sa tiyo mai tsawo, mu kai bakinsa can sama inda ruwa ba ya kaiwa, mu sa 'yar filta a kai. Kuma duk ranar da na ratsa ruwan da ya haura tsakiyar taya, washegari sai na buɗe notin sama na duba launi.

Sarkin Gardama:
Kun gani ko? Da bai buɗe ba da yanzu yana barcinsa lafiya.

Hajiya Mai Cherokee:
Malam, da bai buɗe ba ruwan zai fita da kansa ne? Kai dai je ka leƙa taka.

Tsohon Bakanike:
Kwantar da hankalinka, ɗana. Wannan laushin da ka murza a yatsa kowane difrenshal yana yin sa, aikin mayen ƙarfen kenan. Abin tsoro shi ne ɓarɓashi mai ƙyalli da za ka ji yana sukar yatsa, ko gutsure kamar yankan farce. Tunda babu, kuma ba ta kuka, da sauran rai. Abin da ruwa yake yi shi ne tsatsa a kan boris, musamman in mota tana daɗewa a ajiye. Wannan ba a ganinsa daga waje, kunne ne zai gaya maka. Ka hau titi mai kyau, ka kashe rediyo, ka saurara: lokacin da kake taka totur, da lokacin da ka ɗaga ƙafa tana gangarawa da kanta. In ka ji wani siririn kuka da ke tashi da gudu, ka zo mu yi magana.

Man da ka zuba yanzu ka ɗauke shi a matsayin na wanki. Damammen nan bai fita duka ba, yana nan cikin hannayen aksil. Yi tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku, ka zubar tun yana da ɗumi, ka sa wani. In na biyun ya fito garau, shi kenan. Amma ka gyara hancin tukuna, in ba haka ba aikin banza kake.

Na gaba kuma ka yi daidai da ka tsaya. Mutane kaɗan ne suke iya tsayawa a wannan gaɓar.

Direban Hilux:
Ba zai iya zuƙe na gaban ta ramin sama ba? Da famfon nan nasa, ya juya tiyo.

Injiniya:
Zai iya gwadawa da siririn tiyo, amma a na gaba giyan yana tare hanya, da wuya tiyon ya kai ƙasa. Zai fitar da wani abu, dattin da ya kwanta kuma yana nan, mayen ƙarfen ma ba a goge ba. Maganin wucin gadi ne. Tunda man na gaban ba ruwa a ciki, babu gaggawa. Ya sayi sabon noti da washa ya riƙe a hannu tukuna, sannan a taɓa tsohon.

Kai kuma Direban Hilux, tunda taka ba kullum take aiki da ƙafa huɗu ba, kana sa ta a ogzileri lokaci-lokaci? Littafin Toyota yana cewa a yi aƙalla kilomita 16 a wata da ƙafa huɗu don mai ya zagaya kayan gaba. A hanyar ƙasa fa, ba a kan busasshiyar kwalta ba, don a kwalta tayoyin ba sa samun zamewa, sai kayan su ɗaure.

Direban Hilux:
Gaskiya rabona da sa ta tun bara. Zan yi.

Baban Walid:
Na hau na duba hancin. Hular ta ƙame kamar an yi mata walda, da na kwance shi na hura, ko iska ba ta wucewa. Na sa sabo. Na yi gwajin kunne kamar yadda Baba ya ce, ban ji komai ba sai ƙarar taya. Tsohon man yana cikin galan a rufe, me zan yi da shi? Kuma in komai ya daidaita, bayan kilomita nawa zan sake?

Hajiya Mai Cherokee:
Kada ka zubar a ƙasa ko a kwata, yana bin ruwa ya ɓata rijiya. Kai shi inda ake canza baƙin mai, suna tarawa. Kuma ka rubuta a jikin galan ɗin, ka ɗauke shi daga inda yara ke kaiwa.

Injiniya:
Motar da ke shan ƙura da kaya da hanyar ƙasa, tsakanin kilomita 40,000 zuwa 50,000. Wadda ba ta sauka daga kwalta tana iya wuce haka. Ruwa kuma ba ya jiran mita, ranar da ka ga launin nan ranar za ka canza. Rubuta kilomita da kwanan wata a bayan littafin motar.

Sarkin Gardama:
Baba, wannan soket ɗin da ka ce, 24 ko? Hilux ma shi ne? Ba wai zan canza ba ne, dubawa kawai zan yi.

Tsohon Bakanike:
Shi ne, mai kusurwa shida. Na sama fa, ba na ƙasa ba. Ka ajiye roba a ƙarƙashi ko da dubawa ce.

Baban Walid, in sabon notin gaban ya zo, ga yadda za a yi da tsohon. A fara gwada buga masa alanki mai tauraro wanda ya ɗan fi ramin girma, a ja da dogon hannu a hankali, ba fizga ba. In ya ƙi, a sa cizal a gefen kan notin a buga ta hanyar kwancewa. In duk sun ƙi, a ɗana masa noti da walda, zafin ma yana taimakawa ya saki. Amma wannan na ƙarshen kada ka yi a gida, kuma a cire kan batir kafin a kunna walda. Tunda akwai mai a ciki, tuƙa ta ka kai musu.

Baban Walid:
To Baba. Na yi kilomita 140 da man wankin zuwa yanzu, in ya cika ɗari uku zan zubar in faɗa muku launin da ya fito.